Tagwayen Odile da Kocin Montana

Tun watan Satumba Lionel Ardoin yake amsa saƙonnin da ba nasa ba.

Abin ya faro ne ranar da wayar Alcide, abokin tagwaicinsa, ta faɗa ruwan gona. Da makarantarsu ta nemi lambar da za ta ba kwalejojin da ke farautar 'yan ƙwallo, sai Alcide ya ce a rubuta ta Lionel kawai. Duk yankin Mamou, a jihar Louisiana ta Amurka, an san Alcide. A wasan ƙwallon Amurka da ake ɗauka a hannu, in ya rungumi ƙwallo ya zura da gudu, sai dai a bi shi da ido. Shi kuwa Lionel gajere ne kakkaura, aikinsa a fili ya ture masu tarewa ya buɗe wa ɗan'uwansa hanya, kuma ba wanda yake sayen tikiti don ya kalli mai share hanya.

Saƙonni suka yi ta zuwa. Na kwalejojin kusa, Alcide yakan karɓi wayar ya amsa da kansa. Amma da aka karanto masa na wani Koci Harlan Voss daga Kwalejin Elk Fork a jihar Montana, sai ya yi dariya.

"Montana? Wannan ai bayan duniya ne. Ka ce masa na gode."

Lionel ya ce masa an gode. Sai kuma yatsansa ya ƙi tsayawa, ya ƙara da tambaya: wai gaskiya ne kogi yakan daskare a can har mota ta bi ta kansa? Kafin azahar kocin ya turo hoto. Farin kogi ne shimfiɗe kamar zanen gado, ga wata tsohuwar mota a tsakiyarsa, ga dutse a baya ya tokare sama.

Daga nan hira ta ƙullu. Kocin yana rubuto wa Alcide, Lionel yana amsawa da sunan Alcide. Ya gaya masa yana son karatun ƙasa da ruwa. Ya gaya masa bai taɓa hawa abin da ya fi gadar Kogin Atchafalaya tsawo ba. Shi kuma kocin ya ba shi labarin barewar da take shigowa filin atisaye da sassafe, sai an kore ta kafin a fara, da yadda numfashin 'yan wasa yake tashi kamar hayaƙin murhu a watan Nuwamba.

Da sanyin safiya tagwayen sukan shiga ƙaramin jirginsu na ruwa su zaga gonar shinkafar da aka cika da ruwa, suna ɗaga tarkunan jatan lande. Alcide yana tuƙi, Lionel yana ɗagawa, ya zazzage, ya sa kan kifi don ya jawo su, ya mayar. Hannunsa ya san aikin, don haka hankalinsa yakan tafi yawonsa. Ƙasarsu shimfiɗaɗɗiya ce, ba ko tudu. In hazo ya kwanta a kan ruwa, gizagizai suka taru a can ƙarshen gona, sai ya runtse ido kaɗan ya mai da su duwatsu. Ya sa musu dusar ƙanƙara a ka. Ya zana hanya tana hawa, ya ɗora kansa a kanta da jaka a baya. Sai balbelu su tashi fal, duwatsun su watse, ya ji Alcide yana cewa, "Kai, ka tsallake tarko biyu."

A sati na biyu na Janairu saƙo ya zo: Koci Voss zai iso ranar Asabar, yana son ya zauna da iyalin.

Lionel ya riƙe maganar har ranar Juma'a. Suna tsakiyar gona ya ce, "Gobe muna da baƙo."

"Wa?"

"Mutumin Montana."

Alcide ya kashe injin. Jirgin ya ci gaba da sulalewa shi kaɗai.

"Wanda na ce ka sallama tun kaka?"

"Na sallame shi. Shi ne bai tafi ba."

"Lionel, me ka yi ta gaya wa bawan Allahn nan?"

"Ba komai. Hira ce kawai."

"Hira. Da sunana." Alcide ya karɓi wayar, ya yi ta jan saƙonnin da babban yatsa, yana karantawa yana girgiza kai. "Karatun ƙasa da ruwa? Ni? Ni da ko littafin coci ba na buɗewa? Ka mai da ni farfesa, ɗan banza."

"Ka zauna kawai ka yi ta gyaɗa kai. Ya ci abinci ya tafi."

"In Mama ta gane, ba ruwana. Kai za ta dafa a tukunya."

Kocin ya iso da hantsi a motar haya. Dogo ne mai furfura, yana ɗingisa ƙafar hagu, ya sa rigar sanyi mai kauri yana ta gumi a cikinta. Mahaifin yaran yana can rijiyar mai a teku, sati biyu can sati biyu gida, don haka mahaifiyarsu Odile ce ta tarbe shi a baranda.

"Mis Odile, na gode da kika karɓe ni."

"Cire wannan bargon kafin ka narke mana a ƙofa, Koci. A nan ba a magana sai an ci."

Ta zuba masa miyar gumbo a kan shinkafa, da kaza da tsiran alade da kuɓewa. Ya kai cokali biyu, idonsa ya kawo ruwa saboda yaji, ya ce bai taɓa cin abu mai daɗinsa ba. Odile ta tura masa ruwa.

Ya yi bayaninsa a natse, kamar wanda ya yi shi a ɗakunan cin abinci dubu. Kwalejinsu ƙarama ce, jiharsu ba ta da yawan mutane, dole su fita nesa neman masu gudu. Gurbin karatu kyauta ɗaya ya rage masa, kuma Alcide yake so ya ba. Sannan ya juya ga Alcide yana murmushi.

"Na yi wa malamar sashen ƙasa maganarka. Ta ce tambayar da ka yi kan gishirin da ke shiga gonaki tambaya ce mai kyau."

Alcide ya gyaɗa kai. "Eh, Koci. Gishiri kam... akwai shi."

"Ka gama littafin da na ce ka nema?"

"Saura kaɗan, Koci."

"Wane babi ka fi so?"

Alcide ya kalli kwanonsa kamar amsar tana cikin miya. Odile ta dubi wannan ɗan, ta dubi wancan. Ita ta haife su, ba ta buƙatar a faɗa mata.

"Lionel, ajiye cokalin nan."

Ya ajiye.

"Wa yake rubuta wa mutumin nan?"

"Ni ne, Mama."

"Tun yaushe?"

"Tun Satumba."

"Ka sa dattijo ya bar gidansa, ya hau jirgin sama biyu da ciwon gwiwa, a kan ƙarya? Haka na tarbiyyantar da kai?"

Lionel ya ji kunnuwansa sun yi zafi. "Ka yafe ni, Koci. Alcide ba ya son tafiya nesa. Ni ne... ni dai ina son jin labarin wurin ne."

Alcide ya ce, "Gaskiya ne, Koci. Ni ina son in yi wasa inda Mama za ta shiga mota ta zo kallo. In na yini ban ga ruwan nan ba, ba na jin daɗin jikina."

Kocin ya ajiye cokalinsa. Ya goge bakinsa, ya ninke tsumman a hankali. Sannan ya ce, "Mis Odile, ko za ki ara mini wannan ɗan naki ya zaga da ni gonar? Ban taɓa ganin yadda ake kama abin nan ba."

Suka shiga jirgi su biyu. Rana ta yi laushi, ruwan ya kwanta lumui, sama ta sauko cikinsa gaba ɗaya, har Lionel ya ji kamar a tsakanin sammai biyu suke tafiya. Kocin ya miƙe ƙafarsa mai ciwo a kan buhu, yana kallon yadda Lionel yake fizgo tarko da hannu ɗaya ba tare da jirgin ya tsaya ba.

"Wa ya yanka hotunan bidiyon wasan da aka turo mini?"

"Ni ne, Koci."

"Na yi zato. Kowanne yana farawa ne bayan hanya ta riga ta buɗe. Shekara talatin ina kallon wasan nan, ɗana, ban taɓa ganin hanya ta buɗe kanta ba. Sai na sa kocinku ya turo mini wasannin cikakku. Na ga mai lamba hamsin da huɗu." Ya nuna shi da haɓa. "Me ya sa ka yanke kanka?"

Lionel ya zazzage tarko. "Ba ni ake nema ba."

"Haka ne." Kocin bai sassauta ba. "Kuma ba zan yi maka ƙarya ba, don ƙaryar da aka yi ta isa. Kai gajere ne. Gudunka ba ya tsorata kowa. Gurbin nan ba zan iya ba ka ba, gobe zan wuce Texas in ba wani yaron. Abin da nake da shi kawai shi ne ƙofa. Ka nemi shiga kwalejin kamar kowa, ka zo atisaye a watan Agusta ba tare da alkawarin komai ba. Za su yi ta buga ka da ƙasa shekara biyu. Wataƙila ka shiga fili, wataƙila har ka gama ba ka shiga ba."

"To me ya sa kake gaya mini?"

"Saboda wata huɗu ina ɗokin in ga yaron da yake rubuto mini. Matata ma takan tambaya, yau me ɗan Louisiana ya ce? To, na gan shi."

Wata balbela ta sauka a bakin jirgin, ta dube su, ta tashi. Lionel ya miƙa wa kocin jatan lande guda ya nuna masa inda ake riƙewa don kada ya cije shi. Ya cije shi duk da haka.

Bayan motar hayar ta ɓace a kan titin tsakuwa, Odile ta zauna a baranda tana ɓare albasa. Ta sa Lionel ya maimaita mata abin da kocin ya ce, kalma bayan kalma.

"Ba alkawari," in ji ta.

"Babu, Mama."

"To shi ya sa na yarda da shi. Waɗanda suka zo neman ɗan'uwanka har wata sun yi masa alkawari." Ta share ido da bayan hannu, ta ce albasa ce. "Sai babanku ya dawo. Amma ka sani, kafin nan kai za ka wanke buhunan nan duka, kai kaɗai, ladan ƙaryarka."

Alcide yana jingine da ginshiƙi. Sai da ta shiga ciki ya ce, "Da minti goma sha biyu na riga ka zuwa duniya. Tun daga ranar kuma kullum kana gabana. Yanzu wa zai buɗe mini hanya?"

"Za su ba ka ƙattai waɗanda suka ninka ni biyu."

"Ƙattai ba su san inda zan karkata ba." Ya harbi wani gwangwani da ƙafa. "Tafi dai. Amma in sanyi ya cire maka yatsu, kada ka kira ni."

A Fabrairu Alcide ya sa hannu da wata kwaleji mai tafiyar awa ɗaya daga gida. A Agusta mahaifinsu ya kai Lionel tashar bas a Lafayette, ya rungume shi da ƙarfi har ƙashinsa ya yi ƙara, ya koma mota da sauri.

Abin da kocin ya faɗa bai ragu da komai ba. Shekara biyu Lionel yana cikin waɗanda manyan 'yan wasa suke gwada ƙarfinsu a kansu. Yana wanke kwanuka a ɗakin cin abincin kwaleji, yana karatu, yana tashi da ciwon jiki. Ranakun wasa a tsaye yake yini a gefen fili, hular kwanonsa a hannu. Koci Voss ya yi ritaya a ƙarshen shekara ta biyu, amma yakan zo kallon atisaye da kujerarsa mai ninkewa.

A shekara ta uku, wata Asabar ta Oktoba, mutum biyu suka ji rauni a jere. Sabon kocin ya waiwaya, ya duba layin da ke bayansa, ya ce, "Ardoin! Shiga."

Daƙiƙa bakwai aka yi. An buga ƙwallo, Lionel ya runtuma, ya ga wani dogo mai jar riga ya nufo mai ɗauke da ƙwallonsu, ya sa kafaɗa ya shiga ƙarƙashinsa. Suka zube tare. Yana kwance rigingine a kan ciyawa mai sanyi ya ji filin ya ɗauki ihu, amma kamar daga ƙarƙashin ruwa yake jinsa. Bai ga abin da ya faru a bayansa ba. Wani ganye rawaya ne kawai yake saukowa daga sama a hankali, yana juyawa, har ya sauka a kan ƙarfen hularsa.

Sai wani ƙaton hannu ya damƙi rigarsa ya ɗaga shi tsaye. Sione ne, abokin wasansa ɗan jihar Utah, wanda shekara ta uku ke nan bai iya faɗin sunansa daidai ba.

"Ardon! Tashi mana, barci kake yi? Ka buɗe hanya, mutuminmu ya wuce! An ce ka sake shiga!"