Mai Aski da Masu Kallon Hagu

Injin aski na tsakiyar kan direban bas lokacin da Farfesa ya ɗage shi, ya ce, "Sake faɗa in ji. Ƙarfe nawa ka tashi yau?"

"Ƙarfe biyar," in ji direban.

"Ka kalli hagu. Ƙarya kake."

"Hagun ne inda ka bar min rabin kai babu aski. Ina kake so in kalla?"

Mutum ukun da ke jira a benci suka kwashe da dariya. Farfesa ba sunansa ba ne, masu zuwa shagon ne suka laƙaba masa, don ba ya mako biyu bai zo da sabon ilimin da ya tsinto a waya ba. Shi ya taɓa sanar da su cewa kashi goma kacal ɗan Adam ke amfani da shi na ƙwaƙwalwarsa. Shi ya ce kifin da ake ajiyewa a kwalba ba ya tuna abin da ya wuce daƙiƙa uku. A wannan makon kuwa wani mai farar riga ya gani a bidiyo, yana cewa duk wanda zai yi ƙarya, idonsa hagu yake gudu.

Tun Litinin yake gwaji. Ya gwada tela, ya gwada mai gyaran agogo, har malamin makarantar da ke zuwa gyaran gemu bai tsira ba. In aka bi lissafinsa, babu mai gaskiya ko ɗaya a layin.

Sai dai abin da bai faɗa wa kowa ba, a gida ilimin ya fi cin sa. Shekara ashirin da shida suna tare da Maman yara, bai taɓa kama ta da ɓoyo ba. Amma sau uku ke nan a watan nan take fita da safe ta ce kasuwa za ta, ta dawo da 'yar leda wadda ko minti goma ba za a yi wajen sayen abin da ke ciki ba. Kuma duk sanda ya tambaye ta, sai ta karkata fuskarta hagu kafin ta amsa. Yau ma haka aka yi.

"Af, ya jikin Maman yara?" direban ya tambaya, ana goge masa wuya. "Ranar Talata na ɗauke ta, ta sauka a ƙofar babban asibiti."

Farfesa ya leƙa idon direban ta madubi. Tsaye yake ƙyam, ko motsi.

Ya ƙarasa askin cikin minti biyu, ya ba mutum ukun haƙuri, ya ja ƙofar shago. A hanya ya kira autarsu da ke karatu a wani gari.

"Auta, me ke damun uwarki?"

"Ni, Baba? Ban san komai ba."

Nan ya gane nakasun iliminsa: ba a ganin ido ta waya.

A cikin bas ya tuno duk cututtukan da ya taɓa kallo a bidiyo, masu dogon suna da masu gajere, kowace ya gwada mata ya ga ta yi daidai. Ya sauka a ƙofar babban asibiti. Ya duba sashen mata, ya duba wajen ɗibar jini, ya duba layin magani. Wata mai shara ce ta tausaya masa ta ce, "Baba, ka gwada bene na biyu."

Sashen ido ne. Tana zaune a ƙarshen wani dogon benci, jakarta a cinya, kati a hannu. Ya zo ta hagunta ya tsaya, kusa har yana jin ƙamshin sabulun da ke jikin mayafinta. Ba ta juyo ba. Ya ɗaga hannu ya kaɗa a hankali. Tana nan tana kallon ƙofar likita.

Ya zagaya ta gabanta. Ta karkata fuska hagu, irin karkatawar nan da ya sani, sannan ta saki ajiyar zuciya.

"Direban nan ne ko? Na san bakinsa ba ya rufuwa."

"Tun yaushe?" ya tambaya, yana zama.

"Wata biyar. Kamar an zuba madara a idon."

"Wata biyar, ina kwana ina tashi a gidan. Me na yi miki?"

"Ba ka yi komai ba, Baban yara. Sanin ka na yi. Kafin likita ya buɗe baki ka kalli bidiyo ashirin, ka zo ka ɗiga min ruwan albasa."

Ya buɗe baki zai musa, sai ya tuna da tafarnuwar da ya taɓa cusa mata lokacin ciwon kunnenta, ya fasa.

Likitar matashiya ce mai saurin magana. Ta ce yanar ido ce ta rufe na hagu, aikin bai kai awa ɗaya ba, kuma a ranar za a sallame ta. Abin da ya rage kawai shi ne wanda zai rako ta ya mayar da ita gida, rashinsa ne ya sa Maman yara take ta ɗaga ranar tun makon jiya.

"Ga shi ya kawo kansa," in ji Maman yara.

Farfesa ya gyara zama. "Likita, ina da tambaya ta ilimi. Gaskiya ne mai ƙarya hagu yake kallo?"

"An gwada, ba a samu wata alaƙa ba. Ita tana juya fuska ne don ta gan ka da idon da yake gani."

"Amma ai ta yi ƙaryar."

"Wannan kuma ba sashena ba ne," likitar ta ce tana murmushi, ta miƙa masa takarda.

A baranda suka tsaya, rana ta hasko ta taga. Maman yara ta ce, "Karanta min, me suka ce game da cin abinci ranar aikin?"

Ya riƙe takardar. Ya ɗan matsar da ita gaba. Ya ƙara matsarwa har hannunsa ya miƙe sarai, ya runtse ido.

"Rubutun likitoci," ya ce, "ai kin san halinsa."

"Na'ura ce ta buga shi."

Ta tsaya tana kallonsa da idonta mai kyau, ta daɗe. Sannan ta karɓe takardar ta cusa a jaka, ta kama hannun rigarsa ta juya da shi.

"Ina kuma za mu? Ƙofar fita can take."

"Wajen yankar kati," ta ce. "Mutum da reza a hannu kullum. Allah ya tsare wuyan direban nan."