Tokar Gwaggo Barakatu

Kwana goma sha biyu ke nan da ƙafar Yasmin ta saki. Ta yi zazzaɓi, ta warke, sai aka wayi gari ƙafarta ta dama ta koma kamar tsumma. Ni Maijidda, ma'aikaciyar lafiya daga Kafur, kashin yarinyar kawai ya kawo ni ƙauyensu. Sau biyu ake ɗiba, kwana ɗaya tsakani, a sa cikin ƙanƙara a kai gwaji. Ƙwayar shan-inna ta baki take shiga, ta zauna a hanji, ta fita a kashi, kuma in an wuce mako biyu samunta sai sa'a. In an same ta, za a zo a yi wa yaran garin rigakafi kaf.

Sai dai kakarta, Gwaggo Barakatu, ta fi ni zafin nama. Da uwar ta tallafi yarinya ta yi kashi, kafin in buɗe 'yar robata ta ɗibar kashi tsohuwa ta watsa toka ta share. Tun jiya sau uku tana yi mini haka. Haushi kamar ya kashe ni.

"Gwaggo, don Allah a bar mini ko kaɗan."

"'Yar nan, kashin jikata ba ya fita gidan nan. Wa ya san hannun da zai faɗa?"

Na sallami mai babur ɗin da ya kawo ni, na zauna a tabarmarta, na janye zanena. Ta ga ina ɗingishi tun jiya, ta ɗauka targaɗe ne. Yanzu ta ga ƙafar sosai, siririya kamar kara.

"A Danja shan-inna ta same ni, Gwaggo. Ni ce ta fari a layinmu, ba wanda ya duba, ta bi wasu uku. Ba zan yi miki ƙarya ba, gwajin ba zai dawo da ƙafar Yasmin ba. Amma jikoki nawa gare ki da ke gudu a gidan nan?"

Ta bi su da ido suna tsere a tsakar gida.

Bayan azahar uwar ta kira ni, Yasmin ta yi kashi. Na tarar Gwaggo ta riga ni, da kaskon toka a hannu. Sai ta ajiye shi a ƙasa, ta miƙo hannu.

"Kawo robar, ke tsuguno wuya yake miki. Gobe ma ki zo da wuri."