Muryar Yaya Mainasara

Aikin ba wuya. Shafi ne a intanet inda dubban Hausawa ke karanta jimloli da muryarsu, wasu kuma su saurara su danna "daidai" ko "kuskure", wai don na'ura ta koyi jin Hausa. Ni saurare nake yi, tsakanin lacca da lacca a poli ɗinmu ta Ƙaura. Haushin Kanawa ya sa na shiga, mutanen da in sun ji Bazamfare ya ce "hwara" sai su danna kuskure. Kuskuren mi?

Ran nan ina zaune gindin darbejiya, na danna wata murya, ta ce, "An hwara girbin gero."

Yaya Mainasara ne. Har ɗan tarin nan da yake yi kafin ya yi magana. Tun da 'yan bindiga suka tare motarsu a hanyar Shinkafi ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Ban ma san ya taɓa shiga shafin ba.

Ga matsalar: shafin ba ya nuna sunan kowa, kuma da ka danna amsa muryar ta wuce, sai ta wani. Ban danna komi ba. Inna nake so ta ji, ita da har yau take ajiye mai tuwo.

Na tare ɗan acaba, waya a hannuna kamar na ɗauko ƙwai. Kada wani ya tambaye ni don mi ban naɗe ta a wayar ƙawata ba. Hankalina ba ya jikina.

Na iske Inna tana tankaɗe. Na ce, "Inna, aje rariyar ki ji ɗanki."

Ta goge hannu a zane. Na duba waya, ashe sabis ya ɗauke a hanya, shafin ya sake buɗewa. Na danna. Wata mata ce, tana karanta magana kan farashin taki.

Na yi ma Inna bayani ina kuka, na ce muryoyin sun fi dubu ɗari, ba a zaɓen wadda za ta zo.

Ta ce, "Amma shina ciki?"

"Shina ciki, Inna."

Ta ture kwaryar gari gefe, ta gyara zama kan tabarma, ta matso da kunnenta.

"To, danna ta gaba."