Motar Gbenu Mai Taurari Biyar

Ƙannen Gbenu sun jawo motarsa, suka sauke ta a ƙofar garejin tsoho Dosu. Gawar Gbenu tana asibiti cikin sanyi, ana jiran dangi su sa ranar binnewa.

Duk layin ya fito. 'Yan zemijan, masu acaɓa, suka kashe baburansu. Mai sayar da akasa, tuwon masara, ta ɗora hannu a ka, ta manta da tukunyarta a wuta. Gaban motar ya shige ciki kamar gwangwanin tumatir da aka taka.

Dosu ya fito daga gareji. Tun yana saurayi yake buga jikin mota a unguwar Akpakpa ta Kwatano, kuma katanga ɗaya ce tsakaninsa da Gbenu.

Da Gbenu ya bar aikin tashar jirgin ruwa ya ce zai sayi mota, Dosu ya raka shi filin motoci na Sekanji. 'Yar Gbenu, Senami, ma'aikaciyar jinya, ta bi su. Dosu ya ƙwanƙwasa wata tsohuwar mota mai nauyi da bayan yatsa.

"Ka ji? Wannan ita ce mota."

"Baba Dosu, tauraro ɗaya gare ta," in ji Senami. Ta miƙa masa waya. "Can inda ake ƙera su, da gangan suke buga su a bango, da mutum-mutumi ɗaure a kujera. In ya fito lafiya su ba ta taurari. Waccan farar biyar gare ta."

Dosu ya danna jikin farar da babban yatsa, ya lotsa.

"Kwanon shan koko."

"Gaban ne ke lanƙwashewa ya shanye dukan, don kada ya kai ga mutum."

"Ke allura kika iya. Bar wa masu ƙarfe ƙarfe."

Gbenu ya yi dariya har da riƙe ciki, ya dubi Dosu, wanda duk layin ke kira Fofo, wato yaya. "Fofo, kai ka ce ƙarfe, ita ta ce taurari. Ni dai mai sanyi nake so, in daina zufa gaban surukai."

Farar ya saya. Dosu bai taɓa shigarta ba, kuma duk wanda ya zo gareji sai ya ji labarin kwanon shan koko.

Ranar Asabar da safe Gbenu ya fito zai je binne wani a garin Abome. Ya sa ankon makoki, riga da wando, sitaci ya sa sun tsaya ƙyam. Yana tafiya da hannuwa a buɗe kamar talotalo, kada ko layi ɗaya ya karye.

"Fofo, yaya ka gan ni?"

"Ka fi wanda za a binne kyau," in ji Dosu, bai ko ajiye guduma ba.

Bayan sun wuce garin Alada suka auka wa bayan motar siminti da ta tsaya a hanya. Senami tana kujerar gefe. Da ƙafarta ta fito, sai shatin baƙin jini daga kafaɗa zuwa ƙugu. Gbenu yana numfashi har asibiti. Kafin rana ta faɗi ya cika.

Yanzu Hunkpe, ƙanen da ke bi wa Gbenu, ya matso kusa da Dosu, yana warin giyar sodabi.

"Fofo, dangi za su zauna gobe. Kai ka sani, ka hana, aka ƙi ji. Ita ta zaɓi motar, ita ta fito ba ko karaya. Ka zo ka faɗa da bakinka cewa kwanon da ta sa aka saya ne ya kashe shi. In ka faɗa, ba ta sa ankon ubanta, ba ta tsayawa bakin kabari."

Senami tana jingine da katanga. Ba wanda ya tsaya kusa da ita.

Dosu ya zagaya motar. Ya kama ƙofar direba, ya tattara ƙarfinsa zai fizga, sai ta buɗe salin alin kamar ba abin da ya same ta. Ya tsaya riƙe da ita. Ya sha ganin motoci masu nauyi da suka bugi motar siminti. Da wuta yake yanka su kafin a ciro mutum, inji a kan cinya.

Ya sunkuya ciki. Sitiyari yana inda yake. Wurin ƙafa bai motsa ba. Jakar iska ta fashe tana reto, da jini a jikinta. Hular Gbenu tana ƙasa.

Sai ya ga bel ɗin da direba ke ɗaurawa. A maƙale yake cikin bakinsa, shimfiɗe a jikin kujera.

Dosu ya san abin nan. Duk mai zuwa binnewa a Kwatano ya san shi. Motar kuka take yi in ba a ɗaura ba, bel kuma yana murje sitaci. Sai mutum ya maƙala shi tukuna, ya zauna a kai, ya isa gidan makoki da rigarsa tsaf.

Ya dafa rufin motar, ya daɗe a haka.

Da ya ɗago, idon Senami yana kansa. Ta girgiza kai kaɗan. Ta gani tun a hanya ke nan, ta gwammace a ce ita ce, da a yi ta yawo da ubanta a baki cewa riga ce ta kashe shi.

"To, Fofo?" in ji Hunkpe. "Kai ne fa ka raɗa wa motar suna. Kowa a nan ya ji."

"Na faɗa."

"Sai ka maimaita gobe. Magana ɗaya ce."

Dosu ya ɗauko hular, ya kakkaɓe gilashin da ke jikinta. Ya ratsa mutane ya miƙa wa Senami, ya juya ya tsaya a gefenta. Ƙofar motar ya bar ta a buɗe, bel yana kwance a kujerar da ba kowa.

"Ba zan faɗa ba," in ji shi.