Wa Ya Sassaƙa Jitar Okechukwu

Daren Laraba, ana idar da sallar isha'i, wani kuka ya tashi a layinmu na Fagge. Ya faro ƙasa-ƙasa kamar ƙudan zuma a cikin tulu, sannan ya ja sama ya tsaya yana karkarwa. Awaki suka tsinke igiya. Ina jin mata suna salati ta bayan katanga.

Daga shagona ya fito, kuma ni na jawo shi.

Sunana Sammani. A shekarar 1956 gyaran agogo da garmaho nake yi, kuma duk abin da aka rasa gane kansa wurina ake kawowa. Da yammacin ranar Okechukwu ya zo, wani saurayi haifaffen Sabon Gari mai kaɗa jita a otal. Ya kwance buhu ya fito da wata baƙar jita, jikinta shafal ba rami, da waya a gindinta.

"Baba Sammani, ta lantarki ce. A gwanjon reluwe na saye ta, cikin kayan da masu su ba su zo ɗauka ba. Wuyanta ya saki, ka ɗaure mini. Kuma ka gano mini inda aka yi ta, don ba suna ba lamba. Abokaina sun ce Ingila, ni na ce Amurka."

"In ta fito 'yar Wudil fa?"

"Sai in koma Wudil da kiɗa," in ji shi, yana dariya. Ya ce zai dawo gobe bayan la'asar.

Ban iya haƙuri ba. Na haɗa wayarta da tsohon rediyona mai batir, na matsa da ita kusa da lasifika, ban ko taɓa tsirkiya ba ta saki wannan kuka. Da ƙyar na fizge wayar.

Da safe na soma kankare fenti a gindin wuyan don gam ya kama. Itacen ya fito fari, aduwa ce. Na ƙara kankarewa. Sai ga layuka dishi-dishi a cikin naman itacen, suna tafiya daga dama zuwa hagu. Duk wanda ya taɓa zama gaban malami ya san wannan inuwar: tawada ce da aka rubuta aka wanke sau ɗaruruwa har ta shige ciki. 

Ina cikin haka Ya Falmata, maƙwabciyata mai sayar da turaren wuta, ta leƙo.

"Kai Sammani, wane aljani ka ɗaure jiya? Jikata har fitsari ta yi a..." Idonta ya sauka kan jitar. Ta dafe ƙirji ta juya, ko takalminta ɗaya ba ta tsaya ɗauka ba.

Ta dawo da Malam Abdulmuminu, limamin masallacin layinmu. Ya duƙa ya daɗe yana kallo.

"Allo ne," ya ce a hankali. "Sun sassaƙe allo suna kaɗawa a gidan giya. Na wa ne?"

Na ce na wani yaro ne, kuma saye ya yi.

"Haka zai ce."

"Allah gafarta Malam, ba ni zuwa la'asar in gano wanda ya yi ta."

Ya juya ya fita. Shekara uku ke nan da faɗan da aka yi tsakanin unguwanninmu da Sabon Gari. Na ga abin da aka ɗauke a kan titi a wancan lokacin, kuma na san da magana ƙarama ake farawa. Kafin azahar labari ya kai bakin tasha, a can har an ce alluna goma ne.

Na rufe ƙofa na warware jitar gaba ɗaya. Ƙarafan da ke jere a wuyanta wayar ƙafar keke ce aka daddatse. Maganaɗisun da ke ɗaukar sauti daga abin sauraren waya aka ciro shi, da alamar kibiya irin wadda ake bugawa a kayan soja. A ƙarƙashinsa sawun gizago ne. Babu Ingila a nan, babu Amurka. Amma wannan bai wanke kowa ba, Sabon Gari ma cike take da tsofaffin sojoji da kafintoci.

Na kifa ta na kankare bayan. Can a gefe wuƙata ta faɗa wani ɗan rami mai baƙin baki. Kusa da shi wani. Ƙuna ce, ɗigo-ɗigo, biyar-biyar a jere.

Na zauna a ƙasa. Marigayi Alaramma, mahaifin Malam Abdulmuminu, yana da wata ɗabi'a da ban taɓa gani wurin wani malami ba. In ɗalibi ya kammala izu, sai ya sa basilla a wuta ya ɗiga masa ƙuna ɗaya a bayan allo. Nawa allon bakwai gare shi, a nan karatuna ya tsaya. Na ƙirga waɗannan, goma sha tara. Duk wanda ya zauna a zauren Alaramma ya san mai goma sha tara. Almu ne, ƙanen Malam Abdulmuminu. Ranar da uban ya kama shi da garaya ya farfasa ta a kansa, Almu ya bar karatu ya shiga soja. Aikin waya ya yi a yaƙin Bama, can ƙetare. Da ya dawo ya kulle kansa a soro wata huɗu, muna jin sassaƙa, muna cewa yaƙi ne ya taɓa shi. Wata safiya ya hau jirgin Kudu, shiru har yau.

Ban gama tunanin yadda zan faɗa wa Malam ba na ji ƙararrawar keke. Na leƙa. Okechukwu ne yana ta fito da baki, bai lura da cewa layin ya cika ba. Mutum wajen talatin, wasu da gora, wani mahauci da abin da ya ɓoye a hannun riga. Na fizgo shi ciki na danna sakata.

"Baba, lafiya? Me na yi?"

"Shiga bayan tebur, kada ka yi tari."

Dutse ya sauka a kan kwano. Wani ya ce a fito da shi. Sai muryar Malam: "Sammani, buɗe."

"Kai kaɗai, Malam. Don girman Allah, kai kaɗai."

Ya shigo. Na miƙa masa jitar a kife. Ya sa yatsa a kan ɗigon farko. Na ga leɓensa yana motsi har ya kai ƙarshe, ya koma ya sake daga farko. Sannan ya nemi kujera bai samu ba, ya jingina da bango.

"Kai yaro, wanda ya sayar maka, ka gan shi?"

Okechukwu ya ɗago kai. "Ba mutum ba ne, Malam. Kayan da aka bari a tasha ne, sun yi shekara da shekaru ba a zo nema ba."

"Ba a zo nema ba," in ji Malam. Ya maimaita kamar mai bitar karatu.

Aka sake dukan ƙofa. Malam ya cire rawaninsa ya naɗe jitar da shi, ya rungume ta. Okechukwu ya ce, "Ku riƙe ta, ni dai in koma gida."

Malam ya kama hannunsa, ya ce in zare sakata. Suna fita hayaniya ta ɗauke, don ba wanda ya taɓa ganin kan liman a buɗe.

"Ba aikin mutanen Sabon Gari ba ne," ya ce. "Yaron nan saye ya yi, bai sani ba. Wanda ya taɓa shi, ni ya taɓa."

Jama'a suka dare, suka ba da hanya. Na bi su a baya ina tura keken har bakin titin da ya raba mu da Sabon Gari. Okechukwu ya hau, ƙafarsa ta zame daga feda sau biyu kafin ya tafi.

Da muka dawo mutane ba su watse ba. Sun tsaya cirko-cirko, gorori a ƙasa. Malam ya nufi ƙofar gidansa da abin a ƙirji. Ya Falmata ta sha gabanmu, ta dube shi, ta dube ni.

"To Malam, in ba su ba ne, wane ne ya sa wa allo gizago?"