Jinin Sadiƙ

Jini gora biyu likita ya ce a nemo wa Mutmainna kafin la'asar. Matata ce, ta haihu da hantsi, jini ya ƙi tsayawa. Nata kuwa irin wanda ba a cika samu ba ne. An gwada nawa, an gwada na 'yan tasharmu mutum tara, ko ɗaya bai yi ba. A haihuwarta ta fari ƙanenta Sadiƙ ne ya ba ta, wani siriri kamar sillen kara, yana ƙauyensu can bayan Ɗan Isa, cikin Nijar.

Na kira surukata na ce, "Inna, Sadiƙ nake so, yanzu-yanzu." Sau uku na faɗi sunan.

Lokacin boda a rufe take. Tun azahar nake gindin shingen boda a Magama ina roƙon wani jami'i, har na durƙusa masa, ni Rabe da ko gaisuwa sai na ga dama. Da ƙyar ya ce mutum ɗaya zai bari ya ƙetaro, a ƙafa, kuma kada in ƙara zuwa masa da wata magana. Wallahi tsoro nake ji.

Can sai ga mutum ya sauka daga babur a wancan gefen, ya taho da gudu, ƙato, wuya kamar turmi. Abdulfatah ne, yayansu, mai dakon buhuna.

Na ce, "Yaya, ina Sadiƙ?"

"Yana gona. Inna ta ce wannan ɗan tsamurmurin wane jini gare shi? Wancan karon sai da ya kwana biyu yana jiri. Ta ce ni in zo, na fi shi jini."

"Ai naka an gwada tun wancan karon, bai yi ba."

"Haba Rabe, uwa ɗaya uba ɗaya fa muke da ita. Nono ɗaya muka sha."

Raina ya ɓaci har na rasa wa zan zaga. Tsohuwa ta tausaya wa ɗanta, ta zaɓo mini mai ƙiba. Na waiga, jami'in ya riga ya sauke shinge ya koma inuwa. Daga gonar Sadiƙ zuwa nan tafiyar awa biyu ce, ga shi ana kiran la'asar.

Wayata ta yi ƙara. Adama ce, ƙanwata da na bari a asibiti. Na kasa ɗauka.

Abdulfatah ya naɗe hannun riga, ya miƙo mini damtsensa, idonsa ya cika da hawaye.

"Mu je mana," ya ce. "Su ɗiba duka."