Moto a Rumbun Wake

Shekara biyu da samun mulkin kai, mutanen Gaya sun samu tuta, sun samu kumandan baƙar fata mai mulkin yankin, sun kuma samu Siddo a kan moto, wato babur. A cikin ukun nan, Siddo kaɗai ake jin zuwansa tun daga nesa.

Ɗan masunta ne, haifaffen bakin kogi. Da wani bature mai awon hanya zai koma ƙasarsu ya sa motonsa a kasuwa, sai Siddo ya sayar da jirgin da ya gada da taruna duka, ya haɗa da bijimi guda, ya karɓo shi. Ba hauka ba ne zalla, ko da yake sun yi kama. Harouna, magatakardan biro, wato ofishin kumandan, ya riga ya tsegunta masa cewa da damina ta ɗauke za a ɗauki mutum ɗaya mai kai takardun gwamnati garuruwan Bana da Yelu, kuma mai abin hawa na inji za a ba. Albashi duk wata, ga hula, ga jakar fata. Abin da ya rage wa Siddo shi ne moton ya kai kaka da ransa, don in bai kai ba, babu aiki, babu kuma jirgin da zai koma wa.

To, a nan gizo ke saƙa. Ruwan Gaya ba ya zuwa da wasa, kuma hanyar fadama takan zama taɓon da jaki ma sai ya yi shawara kafin ya shiga. Dole a ajiye moto wata huɗu. Kafin baturen ya tafi ya yi wa Siddo huɗuba ta bakin tafinta: a tsiyaye esansi, wato fetur, a ɗaga ƙafafun daga ƙasa, a shafa wa ƙarfen mai, kada a bar laima ta taɓa shi. Siddo ya yi ta gyaɗa kai kamar a gidansu aka ƙera injin.

Yakuba makanisiyan, mai gyaran manyan motoci a bakin gada, ya tare shi wata ranar kasuwa.

"Siddo, kawo shi garejina. Rufin kwano ne. Duk mako in tada shi ya ɗan yi numfashi."

"Ka tada shi, ko ka hau shi?"

"In ban zagaya da shi ba, ta yaya mai zai ratsa injin?"

"Na gode, Yakuba. Wanda ya sayar mini ya ba ni sirrinsa."

Gaskiyar magana, Siddo ya gwammace a ce gobara ta ci moton da a ga wani ƙato a kansa yana ratsa kasuwa mutane na ɗaga masa hannu. Ya koma gida yana jin haushin tayin.

Ya kwana uku yana nazari, kuma nazarin ya haifi ɗa namiji. Mene ne ba ya taɓa ƙasa, ruwa kuma ba ya shigarsa? Rumbu. Me ake zuba wa wake ya shekara ko ƙwaro ɗaya bai huda shi ba, ko laima ba ta kama shi ba? Toka. Kakanninsa ba su yi lakwal ba, ba su san boko ba, amma ba a taɓa jin wakensu ya yi tsatsa ba. Siddo ya ji tausayin Turawa ƙwarai, mutane da ilimi haka amma ba su san toka ba.

Ya yi sa'a matarsa Zuliha ta tafi Karakara suna, babu mai yi masa tambayoyi. Ya kwashe sauran waken da ke rumbunta ya rabar wa maƙwabta, don babban mutum ba ya tsayawa kan ɗan wake. Ya fasa cikin rumbun daga gefe. Ya tsiyaye esansi, wannan kam ya yi daidai, a ba shi haƙƙinsa. Sannan ya ɗauko tulun man kaɗen Zuliha, ya laɓta wa moton tun daga fitila har lamba, ya cusa a duk ramin da yatsa ke shiga, bai bar ko masaka tsinke ba. Ya tura shi ciki. Ya bi matoyar masu tukwane da murhun masu bandar kifi ya tara toka kwando goma sha ɗaya, ya zuba har ƙahonin moton suka nutse. Ya kwaɓa laka ya liƙe ɓarakar, ya mayar da jinka, ya wanke hannu. Da maraice hadarin farko ya taso.

Zuliha ta dawo ta tarar da tulu wayam, rumbu da sabon faci.

"Maigida, ina wakena?"

"Moto na ciki."

"Man kaɗen fa?"

"Zuliha, watanni huɗu ne. Bayan nan da albashi za ki riƙa cefane."

Bai ambaci toka ba, don sirri in ya shiga kunnen mace ya zama na unguwa, in ji shi.

Haka damina ta yi ta zuba. Siddo ya shimfiɗa tabarma a gindin rumbu yana gadi. Masu wucewa gona sukan tsaya su ce, "Fofo, sannu Siddo. Yaya mai jiki? Ya fara tsiro?" Yakan yi murmushin wanda ya san abin da ba su sani ba. Facin laka ya tsage tun ruwa na uku, siririyar tsaga ta bayan rumbu, wajen da ba ya zama. Sau biyu zuciyarsa ta ce ya buɗe ya duba, sau biyu ya tuna cewa buɗewa ita ke shigo da laima. Mai ilimi ba ya rasa hujja.

Ran da gero ya fara shiga gida, Harouna ya aiko cewa kumandan na son ganin moto a ƙofar biro jibi da hantsi. Siddo ya gayyaci unguwa, har da Yakuba, don ya ga yadda ake ajiya. Ya sa gatari ya fasa facin.

Toka ba ta zubo ba. Ta dunƙule ta zama jiƙaƙƙen tudu, sai da aka sa fartanya. Da aka jawo moton, fentinsa ya saluɓe, fatar sirdi ta zama kamar tsohon ganye, kuma duk jikinsa wani abu ne mai santsi, launin ƙasa. Yakuba ya taɓa murfin injin, yatsansa ya dawo da farin gari. Ya taka sandar tayarwa, ko motsi.

Zuliha ta matso, ta lakato abin nan mai santsi, ta tofa masa yawu ta murza a tafin hannu. Ya yi kumfa.

"Mene ne wannan?" in ji Siddo, muryarsa ta yi ƙasa.

"Sabulu ne, Maigida. Ruwan toka da man kaɗe. Haka muke yin sa, sai dai mu a tukunya."

Matan unguwa suka rufe baki da gefen zane. Mazan ba su wahalar da kansu ba.

"Yakuba, zai gyaru kafin jibi?"

Yakuba bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi dariyar ciwo. "Ko kafin baɗi, Siddo. Ruwan toka ya cinye shi har ciki."

Jibi ta zo, ba ta jira kowa ba. Siddo ya je biro da ƙafa, cikin rigarsa ta salla, ya roƙi Harouna a ƙara masa wata guda. Harouna ya ce takardun gwamnati ba su san wata ba. Da aka rasa mai inji, sai aka ba wani mutumin Bana mai keke, wanda duk daminar nan a ɗakin kwanansa ya rataye shi. Siddo na tsaye aka miƙa masa hula da jakar fata.

Ya koma gida ta bayan gari. Baƙin ciki ya cika shi har ya rasa wanda zai ɗora wa laifi, kuma ya nema sosai. A tsakar gida ya tarar da Zuliha durƙushe gaban moton da ƙwarya da sakaina, tana kankare sabulun tana dunƙulawa.

"Ki bar shi haka nan," in ji shi.

"Gobe kasuwa, Maigida. Babu wake a gidan nan, babu mai."

Moton ya fara karkata zai faɗo mata. Siddo ya tattare hannun rigar salla, ya kama ƙahonin ya riƙe, ita kuma ta ci gaba da kankara.